Kar a Taɓa Wannan

Kiran ya shigo bayan sallar Azahar, kwana biyu da saukar ruwan shuka. Alhaji ne, mai shagon iri da taki da maganin feshi a Funtua. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, abin da ba halinsa ba.

"Injiniya, ga mutane nan tsaye a ƙofar shagona tun hantsi. Sun ce wayarsu ta nuna musu akwai irin masara, alhali yau kwana huɗu da ƙarewarsa. Me ka yi wa shafin nan?"

Wanda ake kira Injiniya matashi ne da ya karanci kimiyyar kwamfuta a Zariya, ya dawo gida yana gina wa 'yan kasuwa da makarantu masu zaman kansu shafukan intanet. Shi ya gina na Alhaji. Nan take ya buɗe kwamfutarsa, ya shiga shafin farashi, ya bi jerin daga sama har ƙasa. Babu irin masarar, kamar yadda ya kamata. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni a wurina babu shi." Alhaji ya ce to a wurin mutanen nan akwai, kuma su ne suka biya kuɗin mota. Sai da matashin ya ari wayar ƙanwarsa ya buɗe shafin, sannan ya ga abin da manoman suka gani: sunan irin, da nauyin ledarsa, da farashinsa, zaune daram a tsakiyar jerin.

Manoman sun fito ne daga wani ƙauye can bayan Ƙafur. Sun nemi irin a Malumfashi ba su samu ba, wani ɗansu ya duba musu a waya ya ce akwai a Funtua, suka haɗa kuɗi suka wakilta mutum huɗu. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 irin wannan tafiya ta daina zama abin wasa, kuma a yankin da matsalar tsaro ta sa ake lissafin lokacin fita da na komawa, ba a kama hanya don kawai a je a gani. Amma abin da ya fi kuɗin mota tsada shi ne laimar da ke cikin ƙasa. Wanda bai yi shuka da ita ba sai ya jira wani ruwan, kuma babu mai ba shi tabbacin ranar. Ɗaya daga cikin wakilan ya faɗa a gaban jama'a cewa dabara ce kawai ta jawo mutane don a sayar musu da wani irin. Wannan maganar ce ta hana Alhaji doguwar gaisuwa, domin mai sayar da iri da amana yake ci: manomi ba ya sanin ingancin abin da ya saya sai bayan ya binne shi.

Adon shafi da nauyinsa

Don a fahimci abin da ya faru, sai an san cewa kowane shafin intanet abu uku ne a haɗe. Akwai HTML, wato ginin kansa: rubutu da hotuna da jadawali. Akwai JavaScript, mai kula da motsi, kamar buɗe jerin zaɓi idan an latsa, ko ɗauko sabon farashi daga wani wuri. Sai CSS, mai kula da kamanni da tsari. Håkon Wium Lie, ɗan ƙasar Norway, shi ya gabatar da shawarar CSS a 1994 yana aiki a cibiyar CERN, kuma a ƙarshen 1996 ta zama ƙa'idar da aka amince da ita. Fayil ɗin CSS, wanda za a iya kira kundin ado, jerin umarni ne: duk abin da ke ɗauke da alama kaza, a yi masa kaza. Kanun bayani su yi kauri. Farashin da ya tashi ya yi ja. Jadawali ya tsuke idan allon waya ƙarami ne.

Sai dai kalmar ado tana iya ruɗin mutum, domin ɓoye abu ma umarnin CSS ne. Layi ɗaya ya isa ya ce duk abin da ke ɗauke da wannan alama kada a nuna shi. Idan wannan layin ya ɓace, shafin ba zai yi muni ba, zai dai nuna abin da aka ce a ɓoye.

Kundayen ado suna da nauyi, kuma akwai dalili. Fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kan WordPress suke, manhajar da ta fito a 2003. Mai gina shafi a kanta ba kasafai yake rubuta ado daga farko ba. Yakan ɗauko shiryayyen samfuri da aka ƙera don ya dace da kowa: otal, asibiti, kantin takalma, gidan jarida. Kowace ƙaramar manhaja da ya maƙala wa shafin, ta fom ce ko ta kwandon sayayya, ita ma da nata kundin take zuwa. Bootstrap kaɗai, tarin adon da ya fito daga kamfanin Twitter a 2011 kuma samfura da yawa suka ginu a kansa, ya haura kilobait 150 kafin a matse shi. Shafin shagon taki ba ya buƙatar ko rabin wannan kaya, amma yana ɗauke da shi duka, tamkar mai zuwa gona da lefe a ka.

Kuma burauza ba ta fara zana shafi sai ta gama sauke kundayen adon da aka jera mata a farkonsa. A ofishin da ke da intanet mai ƙarfi ba a lura da wannan jira. A ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, farin allo ne mutum zai zuba wa ido har ya gaji ya rufe. A watan Janairun 2025 kuma Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi da ya kai kashi 50 cikin 100. Duk kilobait ɗin da ba shi da amfani, daga aljihun manomi yake fita.

Saboda haka niyyar matashin ba ta da aibu. Google ya fito da ma'aunan saurin shafi da ya kira Core Web Vitals a 2020, ya fara la'akari da su wajen jera sakamakon bincike a 2021. Ma'auninsa na PageSpeed Insights yana ba shafi maki daga 0 zuwa 100: ƙasa da 50 ja ne, daga 50 zuwa 89 ruwan goro, daga 90 zuwa sama kore. Cikin shawarwarin da yakan bayar akwai rage CSS ɗin da ba a amfani da shi. Shafin Alhaji a ja yake. A watan Afrilu matashin ya sa masa wata manhajar ƙara sauri, ya kunna zaɓin share adon da ba a amfani da shi, ya sake aunawa, ya ga kore. Har hoton allon ya tura wa Alhaji, Alhaji ya sa masa albarka.

Abin da manhajar ke iya gani

Irin waɗannan manhajoji kusan hanya ɗaya suke bi. Sukan tura wata burauza marar mutum ta ziyarci shafin, ta lissafa duk abin da ta tarar a cikinsa, ta gwada da umarnin da ke cikin kundayen ado. Umarnin da ya sami abin da yake magana a kai, a ajiye shi. Wanda bai samu ba, a zubar. Daga nan a haɗa ƙaramin kundi da abin da ya rage, a adana, a riƙa miƙa shi ga duk mai ziyara. Aiki ne mai kyau, kuma a mafi yawan lokuta abin da aka zubar ɗin shara ce ta gaske.

Iyakar wannan mai ziyara ita ce sau ɗaya yake zuwa, a rana ɗaya, kuma ba ya yin abin da mutane ke yi. Ba ya latsa kowane maɓalli. Ba ya cika fom da kuskure balle ya ga jan gargaɗin da ke fitowa. Ba ya sa kaya a kwando, ba ya buga rasit. Uwa uba, ba ya zama ya jira damina.

Jerin farashin Alhaji daga wani jadawali yake zuwa, wanda akawun shagon ke gyarawa kowace safiya, JavaScript ta ɗauko shi bayan shafin ya buɗe. Idan kaya ya ƙare, akawu ya rubuta sifili, sai layin ya sami wata alama, umarni guda a kundin ado ya ɓoye shi. A watan Afrilu, ranar da manhajar ta yi ziyararta, sito cike yake ana shirin damina. Babu kayan da ya ƙare, babu layin da ke ɗauke da alamar, don haka umarnin ɓoyewa ya shiga cikin shara. Babu abin da ya lalace a ranar, ko a makon, ko a watan. Sai da ruwa ya sauka, irin masara ya ƙare, aka nemi umarnin aka rasa.

Dalilin da ya sa shi bai gani a kwamfutarsa ba kuwa, galibin waɗannan manhajoji ba sa aiki a kan wanda ya shiga shafin a matsayin mai gudanarwa. Shi ana miƙa masa cikakkun kundaye, jama'a ana miƙa musu tankaɗaɗɗe. Wata shida zai iya yi yana duba shafin kullum bai ga abin da manomin Ƙafur ya gani a minti ɗaya ba.

A daren ya buɗe wani ma'auni da ke cikin kayan aikin masu gina shafi na burauzar Chrome tun 2017, mai nuna yawan adon da aka yi amfani da shi da wanda ba a taɓa ba. Ya sha duba shi, amma bai taɓa barinsa a kunne yana yawo a shafin ba. Da ya latsa jerin zaɓi, adadin da ba a taɓa ba ya ragu. Ya buɗe fom, ya ƙara raguwa. Ya sa sifili a wani layi, ya ƙara. Ashe abin da ma'aunin ke cewa shi ne ba a yi amfani da shi ba tukuna, shi kuma ya karanta shi a matsayin ba shi da amfani.

Karkashin kaka

Ya taɓa yin wannan kuskuren, ba a kan kwamfuta ba. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya aka kai shi hutu gidan kawunsa a wani ƙauye kusa da Malumfashi, daidai lokacin firi. Aka ba shi fartanya da kunya uku. Ɗan birni mai son a yaba masa, ya share su tas, bai bar komai ba sai dawa da wake. Da kakarsa ta zo kawo fura ta tsaya ta daɗe tana kallon aikin, sannan ta tambayi inda karkashinta yake, da lalon da ke gindin tururuwa, da 'yar ramar da ta watsa a bakin iyaka. Suna can kwance a rana tare da harƙiya.

Kawu bai yi faɗa ba. Ya ce laifin nasa ne, da bai zagaya da yaron ba kafin ya ba shi fartanya. Haka yake yi wa 'yan ƙwadago duk shekara: kafin su sunkuya, sai ya bi gonar da su yana nuna musu da ƙafa, wannan a bari, wannan a bari, wani wurin har ya kafa kara ya ɗaura tsumma. Ba don sun kasa noma ba, sun fi shi sauri. Abin da suka rasa shi ne sanin tukunyar gidan, da abin da za a nema a cikinta idan rani ya yi nisa. Ya kuma nuna masa gawon da ke tsakiyar gonar, tsaye ba ganye kamar busasshe alhali ko'ina kore ne. Gawo da damina yake zubar da ganye, ya bar rana ta kai ga shuka, ganyen ya zama taki, sai da rani ya yi lif, dabbobi su sami inuwa da 'ya'yansa. Wanda ya zo a watan Agusta ya yi masa hukunci da abin da ya gani, gatari zai nema.

Wannan yanki ya san irin wannan hukunci a babban mataki. A 1975 aka fara Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtua da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin ukun farko a Najeriya tare da na Gusau da na Gombe, ya kuma shafi ƙasar Funtua da ta Malumfashi, lokacin ba a ƙirƙiri Jihar Katsina ba. Shirin ya kawo taki da ingantaccen iri da hanyoyin karkara, kuma yana da hannu a yadda masara ta samu gindin zama a nan. Amma shawarwarinsa sun ginu ne a kan gona mai amfani iri ɗaya, alhali manoma sun saba haɗa dawa da gero da wake da gyaɗa. A idon ma'aunin da ke ƙirga buhunan amfani guda, sauran shukar cunkoso ce. Tun kafin nan, David Norman na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya yi shekaru yana bin gonakin ƙauyukan Zariya, ya kuma wallafa a 1974 cewa haɗin shuka lissafi ne mai ma'ana: ya fi biyan wahalar manomi a lokacin da noma ya yi tsanani, ya kuma fi kare shi daga tashi a tutar babu idan shekara ta ƙi. Manoma da yawa sun karɓi takin da irin, suka ci gaba da haɗin shukarsu. Ma'aunin ya faɗi gaskiya a kan abin da ya auna, amma abin da ya auna bai kai faɗin gonar ba.

Jerin keɓewa

Masu ƙera manhajojin sun san da wannan iyaka, shi ya sa kusan kowace tana da wani fili da za a rubuta abin da ba a so ta taɓa. WP Rocket tana da shi, Perfmatters tana da shi, LiteSpeed Cache tana da shi, haka ma PurgeCSS da masu rubuta shafi da hannu ke amfani da ita. Sunan ya bambanta, aikin ɗaya ne. Filin yakan zo babu komai, ko da 'yan abubuwan da aka san kowa na buƙata, domin wanda ya ƙera manhajar a Turai ko Amurka ba shi da hanyar sanin cewa irin masara yana ƙarewa a Funtua a makon farko na shuka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matashin ya ga filin a watan Afrilu, ya wuce shi, saboda maki ya riga ya yi kore.

Keɓewa hawa uku ce, kuma kowace da farashinta. Ana iya keɓe umarni ɗaya ta hanyar rubuta sunan alamarsa. Wannan ya fi sauƙin nauyi, amma sai an san sunan, kuma idan alamomin dangi ne masu farko iri ɗaya, gara a rubuta farkon yadda zai kama su duka. Ana iya keɓe kundi sukutum. Wannan ya fi aminci ga abin da ke yawan canzawa, kamar kwandon sayayya, sai dai duk nauyinsa zai dawo. Ana kuma iya cire shafi guda daga aikin gaba ɗaya, kamar shafin biyan kuɗi, inda kuskure ɗaya ya fi jinkirin daƙiƙa ɗaya tsada.

A daren farko, cikin tsoro, ya keɓe kusan komai. Shafin ya gyaru, farin allo ya dawo. Wannan ma kuskure ne, domin gonar da aka ce kar a taɓa komai a cikinta ta koma daji. Washegari ya sake zama, ya yi abin da ya kamata ya yi tun farko. Ya ɗauki takarda ya rubuta duk halin da shafin ke iya shiga a cikin shekara, ba a rana ɗaya ba: kaya ya ƙare, farashi ya tashi, farashi ya sauka, sanarwar isowar taki, jerin zaɓi a buɗe a ƙaramar waya, lambar waya da aka rubuta ba daidai ba, rasit da za a buga, sanarwar rufe shago ranar Sallah. Wasu bai san da su ba sai da ya je ya zauna da akawun shagon, wanda ya gaya masa, misali, cewa da kaka jerin yakan koma na buhunan zuba amfani da maganin adana hatsi. Umarnin da ke kula da waɗannan duka ya kwashe su ya zuba a ƙaramin kundi guda na kansa, ya keɓe wannan kundin, ya bar manhajar ta yi aikinta a kan manyan kundayen samfuri, inda sharar take da gaske.

Ya kuma ɗauki ɗabi'u uku. Duk abin da ya sa a jerin, sai ya rubuta dalilinsa da ranarsa a wani fayil, don kada wanda zai gaje shi, ko shi kansa bayan shekara biyu, ya ga layin ya ɗauka ciyawa ce. Duk gyaran da ya yi, sai ya share abin da manhajar ta adana ta sake haɗa sabo, in ba haka ba tsohon kundi za a ci gaba da miƙa wa jama'a. Kuma ba ya ƙara yarda da abin da kwamfutarsa ta nuna masa: ya sayi tsohuwar wayar Android a kasuwar 'yan waya, irin wadda manoma ke riƙewa, da ita yake gwaji, da data ba da intanet ɗin ofis ba.

Makin bai koma kore ba. Ya tsaya a ruwan goro, kusa da iyaka. Ya san abin da zai cire ya ƙetare, ya kuma san garin neman gira ake rasa ido. Da ya gaya wa Alhaji, Alhaji ya ce shi bai taɓa ganin manomin da ya zo shago yana tambayar launin maki ba.

Irin masarar kuwa, Alhaji ya sa an nemo shi daga Zariya washegari, ya aika har ƙauyen. Matashin ya ce a cire kuɗin motar daga abin da ake biyansa, Alhaji ya ƙi, ya nace, suka raba biyu. Manoman sun yi shuka da ruwa na biyu, mako guda bayan maƙwabtansu. Ɗaya daga cikinsu bai sake sayen komai a shagon ba.

Yanzu sau uku a shekara, kafin ruwan shuka, da tsakiyar damina, da farkon kaka, matashin yakan je shagon da tsohuwar wayarsa, ya zauna a benci kusa da akawu. Su sa sifili a layi ɗaya, su duba ko ya ɓace, su mayar. Su ɗaga farashi, su duba ko ya yi ja. Aikin bai fi rabin sa'a ba. Ranar da ya ba kawunsa labari, tsohon bai nemi a yi masa bayanin CSS ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Kafin ka sake ta a gonar mutane, ka zagaya da ita?"

Ya ce, "A'a, Kawu."

Kawu ya ce, "To."